JAMA'A NE SUKA CE A KAWO LITTAFIN

    

Yau za mu yi magana a kan matsayin Littafi Mai Tsarki a cikin sujadarmu ta ranar Lahadi. In akwai Littafi kusa da ku, sai ku buɗe Nehemiya sura 8. In babu, ku kasa kunne, za mu ba ku labarin.

Abin da ya faru a Ƙofar Ruwa

Mutanen Yahuda sun komo daga bauta a Babila. Sun tarar da Urushalima a rushe. Nehemiya ya jagorance su, suka gama ginin garu cikin kwana 52. Garu ya tsaya, an kafa ƙofofi, an sa matsara. Amma jama'a sun san akwai abin da ya rage. A rana ta fari ga wata na bakwai suka taru a dandalin da ke gaban Ƙofar Ruwa, maza da mata da duk yaron da ya isa fahimta.

Ku lura da abu na farko. Jama'a ne suka roƙi Ezra magatakarda ya kawo littafin Shari'ar Musa. Ba a yi musu dole ba. Su ne suka ji yunwa, su ne suka nemi abinci.

Ezra ya hau wani dakalin katako da aka yi domin wannan rana. Da ya buɗe littafin, kowa ya miƙe tsaye. Ya yi karatu tun da sassafe har rana ta take. Ga kuma Lawiyawa 13 da aka ambaci sunayensu, suna cikin jama'a, suna bayyana ma'anar abin da aka karanta. Da mutane suka gane, sai suka fashe da kuka. Nehemiya da Ezra suka ce su share hawaye, su je su ci su sha, su aika wa wanda ba shi da abinci. Aya ta 12 ta gaya mana dalilin murnarsu: sun fahimci abin da aka karanta musu.

Abubuwa huɗu ke nan. Jama'a sun nema, an karanta musu da yawa, an bayyana musu, sun tashi sun aikata. A kan waɗannan za mu auna sujadarmu.

Haka ikkilisiya ta saba tun farko

Wannan ba abin rana ɗaya ba ne. Tun a Maimaitawar Shari'a sura 31 Musa ya umarta a riƙa tara jama'a duk shekara bakwai a karanta musu Shari'a, har da yara da baƙin da ke zaune a garuruwansu. A Luka sura 4 Ubangiji Yesu ya shiga majami'ar Nazarat ran Asabar, ya miƙe, aka ba shi littafin annabi Ishaya, ya karanta kafin ya yi bayani. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti ya lizimci karanta Nassi a gaban jama'a, tare da wa'azi da koyarwa. Ku duba 1 Timoti 4:13. Ya kuma gaya wa Kolosiyawa, in sun gama karanta wasiƙarsa su aika da ita a karanta a Lawudikiya. Wahayin Yahaya 1:3 ya sa albarka a kan mai karatu da masu ji da masu kiyayewa.

Wajen shekara ta 150 bayan haihuwar Almasihu, wani mai bi a birnin Roma mai suna Jastin, wanda daga baya aka kashe saboda bangaskiyarsa, ya rubuta yadda Kirista suke sujada ran Lahadi. Ya ce ana karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa gwargwadon yadda lokaci ya bari, sa'an nan shugaba ya yi gargaɗi, sa'an nan a yi addu'a. A zamaninsu babu injin buga littafi. Da hannu ake kwafe kowane shafi. Yawancin masu bi ba su da nasu a gida. Saboda haka taron sujada shi ne wurin da suke cin abincin ransu.

To, yaya a wurinmu?

Ga aikin da muke so ku yi ran Lahadi mai zuwa. Ku duba agogo. In sujada ta ɗauki awa uku, minti 180 ke nan. Ku ƙirga minti nawa aka ba waƙoƙi, minti nawa aka ba sanarwa, minti nawa aka ba baiko da godiya da gaishe da manyan baƙi. Sa'an nan ku ƙirga minti nawa aka ba karatun Littafi Mai Tsarki. A majami'u da dama za ku tarar an karanta aya biyu ko uku a gurguje, mai wa'azi ya rufe Littafin, bai sake komawa kansa ba har aka tashi.

Waƙa abu ne mai kyau. Baiko ma wajibi ne. Amma in aka kira mutane biki, aka yi ta kiɗa da rawa har yamma, aka ba su tuwo loma ɗaya, da yunwa za su koma gida.

Akwai haɗari a nan, 'yan'uwa. A 2 Sarakuna sura 22, zamanin sarki Yosiya, littafin Shari'a ya ɓace. A ina ya ɓace? A cikin Haikalin Ubangiji. Ana ta hidima, firistoci suna nan, ana karɓar kuɗi a bakin ƙofa, amma Littafin yana kwance ba mai karantawa, har sai da Hilkiya babban firist ya tsinto shi lokacin gyaran gini. Littafi yana iya ɓacewa a cikin majami'a alhali yana ajiye a kan mumbari.

Mutumin da bai san abin da ke rubuce ba, kowa yana iya yi masa wayo. Kun san tashar motar Jabi. Baƙon da bai san hanya ba, bai san kuɗin mota ba, shi ne wanda 'yan damfara suke nema. Haka yake a sha'anin ruhaniya. A birnin nan akwai masu sayar da mai da ruwa da ƙyalle da sunan warkarwa. Akwai masu ce wa gwauruwa ta kawo kuɗin makarantar 'ya'yanta ta shuka iri, wai za a ninka mata. Akwai masu nuna tsohuwa ko ƙaramin yaro su ce shi ne maye da ya hana gida ci gaba, har zumunci ya watse. Dukansu suna riƙe da Littafi a hannu, suna tsinko rabin aya. Wanda bai saba jin sura ɗungum ba, da me zai gane an yanke maganar?

Ku tuna da mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11. Manzo Bulus ne kansa ya yi musu wa'azi. Duk da haka kowace rana suna bincika Nassi su ga ko haka abin yake. Luka bai ce sun yi rashin kunya ba. Yaba musu ya yi. In aka binciki wa'azin Bulus, wane ne a cikinmu ya fi ƙarfin a bincike shi? Mai wa'azin gaskiya murna yake yi in ya ga jama'a suna bin sa da yatsa a kan shafi.

Maganar harshe

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi taɓa gidajenmu. An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja ran 12 ga Disamba 1991. Kafin manyan gine-gine su tashi a gefen tafkin Jabi, Gbagyi suna zaune a ƙasar nan suna noma. Yau ga Gbagyi, ga Bajju, ga Atyap, ga Ham, ga Berom, ga Ngas, ga Tarok, ga Eggon, ga Mada, ga Bura, ga Tangale, ga Tibi, duk a benci ɗaya. A gida da yawa kaka tana jin yarensu da ɗan Hausa, uwa da uba suna jin uku, yara kuwa Turanci ya fi zama a bakinsu. In aka yi karatu da Turanci kaɗai, kaka ta zauna kamar baƙuwa. In aka yi da Hausa kaɗai, hankalin yara ya tafi waje.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. Ranar Fentikos, a Ayyukan Manzanni sura 2, kowa ya ji ayyukan Allah da harshen da aka haife shi a ciki. A 1 Korantiyawa 14:19 Bulus ya ce a cikin taro ya gwammace kalmomi biyar da za su koyar da mutane a kan dubu goma da ba mai ganewa. A Ayyukan Manzanni sura 8 babban ma'ajin Habasha yana karanta Ishaya a cikin karusarsa, Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta. Karatu yana yi, amma sai da aka bayyana masa ya ba da gaskiya.

Ku tuna kuma da wahalar da aka sha kafin Littafin nan ya zo hannunmu. William Tyndale, mutumin Ingila, ya juya Sabon Alkawari zuwa Turanci, aka kama shi a ƙasar waje aka kashe shi a 1536. A Hausa kuwa, James Schön, wanda ya biyo kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, ya yi shekaru yana aikin fassara. Wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka taɓa kamawa bawa, ya je Ingila tare da Heinrich Barth a 1855, ya zauna da Schön yana koya masa Hausa. Sabon Alkawari ya fito a 1880. Daga baya Likita Walter Miller na Zariya da Wusasa, tare da abokan aiki Turawa da 'yan ƙasa, suka ɗauki aikin, har Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa a 1932. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da sabuwar fassara a 1979, wadda da yawanmu muka tashi da ita. Nufawa sun sami nasu cikakke a 1953, Tibi a 1964. Tun 1976 hukumar fassara ta NBTT da ke Jos take aiki da al'ummai domin harsunanmu, kuma harsuna da yawa na Filato da kudancin Kaduna da Nasarawa sun sami Sabon Alkawari.

Mutane sun ba da shekarun ransu domin ku ji Allah yana magana da harshen da uwa take rarrashin ɗanta. Ashe, daidai ne Littafin ya zauna cikin akwati, tsakanin takardun makaranta da katin aure?

Abin da za mu iya yi

Ba ma bukatar kuɗi masu yawa. Ga shawarwari bakwai da kowace ikkilisiya za ta iya farawa da su.

Na ɗaya, kowa ya zo da Littafinsa. Na takarda ko na cikin waya, duk ɗaya ne, muddin wayar ba ta ja ku zuwa hira ba. Mai jagorar sujada ya faɗi sura da aya sau biyu, ya dakata har a samu wurin. Wanda ya samu ya taimaki na kusa da shi. Ba abin kunya ba ne a duba jerin sunayen littattafai a shafin farko.

Na biyu, a shirya mai karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a miƙa wa mutum Littafi a bakin ƙofa a ce shi zai yi karatu yau. A gaya masa tun ranar Laraba. Ya karanta a gida da murya sau uku ko huɗu, ya tambayi yadda ake faɗin sunaye masu wuya, ya san inda zai tsaya ya numfasa. A sa mata, a sa matasa, a sa dattawa. Mai karatu bakin Allah ne a wannan lokaci, ya tsaya da tsoron Allah.

Na uku, a karanta da yawa. A karanta labari daga farkonsa zuwa ƙarshensa. A ɗauko daga Tsohon Alkawari, a ɗauko daga Sabo. Bisharar Markus sura 16 ce. In aka karanta sura ɗaya kowace Lahadi, cikin wata huɗu ikkilisiya duka ta ji labarin Yesu daga baftisma har tashi daga matattu. Sura ɗaya ba ta kai tsawon sanarwar bazara da biki ba.

Na huɗu, a ba harsuna wuri. A karanta nassin wa'azi da Hausa da Turanci. Sa'an nan kowace Lahadi a ba harshe ɗaya dama, a karanta ko aya biyar ce. Wannan mako Gbagyi, mako mai zuwa Jju, na gaba Ngas. Wani zai ce wannan zai kawo ƙabilanci. Amma rarrabuwa takan zo ne in aka ɗaga harshe ɗaya aka danne sauran. In kowa yana samun nasa layi, yana kuma sauraron na ɗan'uwansa da ladabi, ikkilisiya tana koyon abin da Wahayin Yahaya sura 7 ya nuna, taron kowace kabila da kowane harshe a gaban kursiyin.

Na biyar, jama'a su buɗe baki. A yi karatun Zabura bi da bi, mai jagora aya ɗaya, jama'a aya ɗaya, ko maza ɗaya mata ɗaya. A zaɓi aya guda ta haddacewa kowane mako, a maimaita ta tare kafin albarka. Zumuntar mata da 'yan Sabon Rai da mawaƙa suna da baiwar sa magana cikin waƙa. A ba su nassin mako tun da wuri su yi masa murya. Abin da aka rera da tulu da kacau-kacau ba ya saurin fita daga zuciya.

Na shida, kada a manta da wanda bai yi makaranta ba. Baba, Mama, in ba ku iya karatu ba, ba a bar ku a baya ba. Yawancin waɗanda suka tsaya a Ƙofar Ruwa da kunne suka karɓa. Romawa 10:17 ya nuna mana bangaskiya ta wurin ji take zuwa. Yau akwai Littafi Mai Tsarki na saurare da Hausa da wasu harsunanmu, ana sa shi a waya. Jikanku zai iya sa muku. Ikkilisiya kuma ta farfaɗo da ajin koyon karatu na manya, yadda iyayenmu suka koya a ƙauye da fitilar kwai.

Na bakwai, a buɗe ƙofar tambaya. Matambayi ba ya ɓata. A makarantar Lahadi ta manya ko a nazarin tsakiyar mako, a bar mutane su ce, "Fasto, ban gane wannan aya ba." A ƙarshen sujada kuma a sanar da nassin mako mai zuwa, domin iyalai su karanta kafin su zo.

Daga majami'a zuwa gida

Iyaye, nauyin nan ba na fasto kaɗai ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora wa iyaye koyar da 'ya'yansu, a zaune a gida, a kan hanya, da kwanciya da tashi. Mun san zaman Abuja. Ana fita da asuba saboda cunkoson motoci, ana komowa bayan magariba a gajiye. Duk da haka ga wani lissafi mai sauƙi. Sabon Alkawari sura 260 ne. Shekara mako 52 ce. In iyali suka karanta sura ɗaya kowace rana daga Litinin zuwa Jumma'a, sura biyar a mako, cikin shekara ɗaya cif sun gama Sabon Alkawari. Sannu ba ta hana zuwa.

Ran Asabar da dare ku karanta nassin da za a yi wa'azi a kai. Yaro ya karanta da Turanci, uwa ta karanta da Hausa, kaka ta faɗi abin da ta ji da yarenku. Ta haka yaro yana samun Maganar Allah, yana kuma samun harshen iyayensa. Ran Lahadi bayan an ci abinci, maigida ya yi tambaya uku: Me aka karanta? Me ya koya mana game da Allah? Me za mu yi a wannan mako? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba buɗe Littafi a gida, in ya tafi jami'a ko bautar ƙasa, ba kowace iska ce za ta kwashe shi ba.

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi. Yakubu 1:22-25 ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa da mutumin da ya duba fuskarsa a madubi, ya juya ya manta da kamanninsa. Mutanen Nehemiya ba su tsaya ga kuka ba. Sun aika wa matalauta abinci. Kashegari shugabannin gidaje suka komo wurin Ezra domin ƙarin nazari, suka tarar da umarnin Idin Bukkoki, suka fita suka saro rassa suka kiyaye shi. In mun ji maganar gafara, akwai wanda za mu je mu shirya da shi. In mun ji maganar mudun gaskiya, akwai abin da za mu gyara a shago ko a ofis.

Kira

Dattawan ikkilisiya, ku zauna da fastonku a wannan wata ku duba tsarin sujada. Shugabannin zumuntar mata da na matasa, ku kawo sunayen masu karatu. Ku kuma jama'a, ku yi abin da mutanen Urushalima suka yi. Ku je da ladabi ku ce, "Baba Fasto, muna so a ƙara mana karatun Littafi." Makiyayi na gari zai yi murna da wannan roƙo.

Wanda kuma yake jinmu bai taɓa karanta labarin Yesu da kansa ba, muna gayyatarka. Ka fara da Bisharar Markus ko ta Yahaya. Littafin nan duka shaida yake yi a kan Almasihu, wanda ya mutu saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Ka karanta, ka roƙi Allah ya nuna maka gaskiya.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka da ka yi mana magana, ka kuma sa aka rubuta. Mun gode domin bayinka da suka sha wahala har Maganarka ta zo cikin harsunanmu. Ka sa mana yunwarta. Ka ba masu karatu murya, ka ba masu wa'azi aminci, ka ba jama'arka fahimta da biyayya. Ka tsare gwauraye da marayu da matasanmu daga masu ruɗi. Ka sa Littafinka ya zauna a buɗe a majami'unmu da gidajenmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

 Kafin shiri na gaba ku karanta Nehemiya sura 8 gaba ɗaya tare da iyalinku. Sai mun sake saduwa, in Allah ya kai mu. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.